Zaure ko falon baƙi: wanne za ka yi, me za ka zuba a ciki?

Wanda ya sayi fili ya kira magini, tun kafin a ja igiya akwai tambayar da ya kamata ya amsa wa kansa: idan namiji baƙo ya yi sallama, ina za a sauke shi? Kakanninmu ba su sha wahalar wannan tambaya ba, domin gida ba ya amsa sunansa sai da zaure, ko soro a bakin Kanawa. Yau kuwa mai gini yana tsakanin abu biyu. Ko dai ya yi zaure irin na da ya shimfiɗa masa tabarma da darduma, ko ya yi falon baƙi ya zuba kushin da labule da talabijin. Akwai na uku da ake faɗawa cikinsa ba tare da an zaɓa ba: get ɗin ƙarfe, daga shi sai ƙofar falon matar gida. Wannan na ukun ya yi yawa a sababbin unguwanni, shi ya sa za ka ga magidanci ya kashe miliyoyi a gini amma yana ganawa da baƙonsa a tsaye a jikin mota.

Kafin a zo kan kaya, sai an fahimci yadda aka tsara zauren da, domin tsarin ne ya haifi kayan. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya tana kallon hanya, ɗaya tana shiga ciki, kuma ba a yin su saiti. Ana karkatar da ta cikin gefe guda yadda mai wucewa, ko wanda ke zaune a zauren, ba zai hango abin da ke bayanta ba. Idan ka wuce ta sai ka faɗa wani fili inda ɗakunan samari da na baƙi suke, a gidan mai hali har da bargar doki. Daga nan sai shigifa, wadda ba mai ƙetare ta sai mace ko yaro ko muharrami, sannan tsakar gida. A manyan gidaje zaurukan kan yi layi, wani bayan wani, kowane baƙo da inda matsayinsa ya tsaya. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya ga yadda ake ratsa soro a shiga soro. Wannan tsari ya zauna daidai da umarnin aya ta 27 ta Suratun Nur, cewa kada a shiga gidan da ba na mutum ba sai ya nemi izini ya yi sallama. Zaure shi ne wurin da ake tsayawa a jira iznin nan a inuwa, cikin mutunci.

Kayan cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ƙasa daɓe ce da aka buge ta yi sumul. Tabarmar kaba ta jama'a, buzu na maigida ko na malamin da ya kawo ziyara, wani gidan da darduma ko kilishi da ake fitowa da shi sai babban baƙo ya zo. A jikin bango akwai alkuki inda ake ɗora fitilar aci-balbal, da ƙusa ko turken da ake rataye gafaka. Alluna a jingine a lungu. Randa da moɗa a gefe, buta kusa da ita. A bakin ƙofa asabari, a waje kuma dakali na zaman yamma. Iyakarta ke nan, kuma duka yaro ɗaya zai iya naɗe su ya kwashe kafin a gama kiran salla.

Ba talauci ne ya sa haka ba. Mai arziki a da yana zuba dukiyarsa ne a jikin ginin. A fuskar zaure ake gane maigida: zankwaye a saman kusurwa, zanen dagi a kewayen ƙofa, shafen makuba da ke sa bango ya yi duhu ya jure ruwa. A Zariya masu zane sun kai ga fitar da siffar keke da mota a bangon zaure lokacin da waɗannan abubuwa suke sababbi, a Damagaram kuma har yau unguwar Birni tana da gidajen da aka ƙawata fuskarsu da launuka. Daga ciki kuwa, sai ka ɗaga kai. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika samun sa'arta ba, amma ba ta ɗaukar rufi mai faɗi idan an shimfiɗa ta miƙe, da ƙyar take kai mita 2. Wannan ne ya sa magina suka ƙware a ɗaurin guga, su jera azara hawa-hawa su lanƙwaso ta daga bango zuwa bango har ta haɗe a tsakiya, a ɗora tulluwa a kai. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Baƙon da aka zaunar a tabarma ƙarƙashin irin wannan rufi ba ya bukatar a gaya masa gidan wa ya zo.

Falon zamani ya juya lissafin. Ginin kansa akwati ne na bulo da siminti, kowane gida iri ɗaya, sai a nemi bambanci a kayan da aka sayo: saitin kushin, tebur na tsakiya, kafet ko tayil, labule mai ninki biyu, silin na ado da fitilu a ciki, talabijin a manne a bango. Ado ya tashi daga abin da ke daɗewa ya koma abin da yayi ke kashewa. Wannan shi ne bambancin da sauran bambance-bambancen suka rataya a kai.

Fara da adadin mutane. Saitin kushin da aka saba yi na mutum 7 ne: doguwa mai cin uku, mai cin biyu, da ƙanana guda biyu. Idan ka jera su a ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ka sa tebur a tsakiya, ɗakin ya cika, kuma mutum na takwas ya zama matsala. Ɗakin nan dai idan shimfiɗa ce a ƙasa zai ɗauki ninkin wannan ba tare da kowa ya takura ba, in an matsa ya ɗauki fiye. Kujera ƙidaya mutane take yi, tabarma kuwa ana gyara zama ne kawai a ce bismilla. Sai ka tambayi kanka wace rana ce gidanka ya fi bukatar wurin baƙi. Ranar suna ce da sassafe, da ranar ɗaurin aure, da kwana ukun zaman makoki, da yinin salla, da buɗa-baki a watan azumi. A duk ranakun nan abin da ake fara yi a gidan mai falo shi ne a kira samari su fitar da kujerun waje, ko a jingine su a bango, a aiko a aro tabarmi daga masallaci.

Akwai kuma abin da masu sayar da kujeru ba za su gaya maka ba. Bahaushe ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da na gaba da shi. Shiga falon kowane dattijo ka gani: shi yana kan kujera, sauran kujeru shida babu kowa, 'ya'yansa da surukansa da almajiransa duk suna ƙasa a kan tayil mai sanyi. An sayi wurin zama na mutum bakwai, mutum ɗaya ke amfana, sauran ma sun rasa tabarmar da a da za su samu. A zauren shimfiɗa wannan bai taso ba. Buzu ko darduma ta isa ta nuna wane ne babba, kowa kuma yana ƙasa, magana tana tafiya ido da ido. Haka abinci. Inda ake ciyayya, maƙwabta su fito da kwanukan tuwo bayan magariba a haɗu a ci tare, ba a yin ta a kan kushin. Miyar kuka ko manja idan ya zuba a yadin kujera ya zauna ke nan. Idan lokacin salla ya riski baƙi ana ruwan sama, masu zaure miƙewa kawai za su yi su ja sahu.

Kada a ɗauka kujera ba ta da ranarta. Tsohon da gwiwa ta fara ba shi wahala, ko mai ciwon baya, ko wanda aka yi wa aiki, zama a ƙasa azaba ne gare shi, tashi kuma ya fi zaman wuya. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, sai dai ka ga ya rage zuwa. Wanda baƙinsa abokan aikin ofis ne, ko 'yan kasuwa daga kudu, ko mutanen da ba su saba naɗe ƙafa ba, tilasta musu zaman ƙasa ba karramawa ba ce. Mai aiki da kwamfuta ko mai cike takardu yana bukatar tebur. Waɗannan hujjoji ne na gaske. Abin da suke nema dai kujera biyu ne ko uku masu kyau, ba saiti guda da zai cinye ɗaki ba. Kuma kujerar da ta dace da tsoho ita ce mai ɗan tsayi, mai tauri, mai hannu da zai dafa ya miƙe. Irin kushin ɗin nan mai laushi da mutum ke nutsewa a ciki, tsoho sai an kamo hannunsa kafin ya fita.

Zafi shi ne inda ginin da ya yi wa na yanzu nisa. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, bai gama ratsawa ciki ba sai dare ya yi, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, tsohon soro yake da sanyi da azahar. Bulo mai inci 6 da rufin kwano kuwa kafin hantsi ya ɗau zafi. Ƙara masa soson kujera da kafet da labule mai kauri, ka rufe tagogi saboda ƙura, ka samu ɗakin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta. Duk wanda zai yi falo irin wannan ya sa kuɗin sola ko na man janareta a cikin lissafinsa tun farko, in ba haka ba da shi da baƙin a ƙofar gida za su ƙare.

Amma ba na ba kowa shawarar ya koma ginin ƙasa don kawai sha'awa. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, indararo yana son dubawa, ɗan tsagewa a rufi idan aka yi sakaci da shi ruwan Agusta zai mai da shi rami. Maginan da suka iya ɗaurin guga sun yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada. Abin da za a iya ɗauka daga ginin da ba tare da ɗaukar wahalarsa ba shi ne tsayin rufi da hanyar iska. Ka ƙara layin bulo biyu ko uku a kan yadda aka saba, ka yi amfani da mai inci 9 a bangon da rana ke duka da yamma, ka sa silin, ka buɗe ƙananan tagogi a sama a bango biyu masu fuskantar juna. Tagar sama tana fitar da zafi, kuma ba ta ba mai wucewa damar leƙe.

Ƙurar hunturu ma alƙali ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu tabarma ana fitar da ita a kakkaɓe, darduma a shanya, a share ƙasa a goge. Kushin da kafet mai manne da ƙasa kuwa ƙurar shiga cikinsu take yi ta zauna, mai asma ya sani. Kuɗin cizo idan ya samu gindin zama a ɗinkin kujera, fitar da shi sai an yi da gaske, ɓera kuma ba abin da yake so kamar soso.

Ta fuskar kuɗi ba sai an tsawaita ba. Abin da za ka biya kafinta na saiti ɗaya matsakaici zai shimfiɗe zaure gaba ɗaya da darduma mai kyau, da matasan jingina, da tim-tim na fata irin na Kasuwar Kurmi, ya bar maka canjin fanka. Bayan 'yan shekaru kujera za ta nemi sabon yadi da sabon soso, ko yayinta ya wuce a fara jin kunyarta. Darduma idan ta tsufa ɗaya ake canzawa.

Inda tsohon zaure ya sha kaye shi ne tsaro. A da ƙofarsa a buɗe take yini, matafiyi ya kwana, almajirai su kwana, mai talla ya fake wa rana. Yanzu a birni wanda ya bar zaure a buɗe yana iya wayar gari ba buta ba tabarma, ko ya tarar zauna-gari-banza sun mai da shi majalisa. Da aka fara kulle shi kuma sai ya rasa aikin yi, ya zama wurin ajiye babur da janareta da buhunan gawayi, ko a fasa bangonsa ta waje a mai da shi shago a ba da haya. Mafi yawan zaurukan da suka mutu a cikin gari haka suka mutu. Saboda haka idan za ka yi zaure, ka yi wa babur da janareta nasu wuri daban tun a zane. Ɗakin da ke warin fetur, ƙasarsa duk baƙin mai, ba mai shimfiɗa darduma a cikinsa. Hayaƙin janareta a rufaffen wuri kuwa kisa yake yi.

Falon baƙi shi ma yana da hanyar mutuwarsa, kuma talabijin ce. Da zarar an manna ta, yara sun samu wurin kallo, samari sun samu wurin ƙwallo, ɗakin ya zama falo na biyu na iyali. Baƙo ya yi sallama sai an fara korar yara ana tsince kwanuka. Ni a ganina ɗakin baƙi ba ya bukatarta sam. Wanda ya zo wurinka magana ta kawo shi.

Sai batun da kan jawo ƙananan maganganu tsakanin miji da mata. A al'ada iyayen amarya ke yin kayan ɗaki, kuma yanzu kayan ɗakin sun haɗa da kujerun falo. Falon nan nata ne, ita da 'yan'uwanta da ƙawayenta. Magidancin da bai tanadi nasa wurin ba, duk ranar da ya yi baƙo sai ya aika a ce mata su shige ciki, a katse musu hira, mai girki ta rasa hanyar wucewa. Yau da gobe abin yana gundura. Zaure ko falon baƙi mai ƙofarsa ta waje yana raba wannan gardama, amma da sharaɗin maigida ya san shi zai sayi kayan cikinsa, kada ya zuba ido a kan na surukai.

To wa ya kamata ya zaɓi me? Malami mai ɗalibai, mai unguwa, babban wa a dangi wanda duk sha'ani a gidansa ake yi, mai sana'ar hannu kamar ɗinkin hula ko dukanci da ke karɓar masu ciniki a gida, duk wanda ke zaune a cikin gari ko ƙauye inda maƙwabta ke shigowa ba sai da waya ba: waɗannan zauren shimfiɗa ne nasu, falo zai takura su. Ma'aikacin da ke zaune a rukunin gidaje masu get da maigadi, wanda baƙinsa ba sa wuce biyu ko uku kuma sai sun kira kafin su zo, ƙaramin falo mai kujeru huɗu ya ishe shi, yin babban zaure ɓarnar fili ce gare shi. Mafi yawanmu muna tsakani, kuma ga mai tsakani shawarata ita ce ya ɗauki tsarin zaure, ya yi shi da kayan ginin yau, ya bar tsakiyar ɗakin fili.

A aikace ga yadda abin yake. Ƙofar waje ta buɗe kan hanya ko kusa da get, ta ciki a karkace, da labule ko ɗan bango a gabanta. Kafin a ɗora bulo ka tsaya da kanka inda baƙo zai zauna ka duba abin da idonka ke kaiwa, domin magini ba zai yi maka wannan ba. Ƙasa a sa tayil mara santsi, saboda masu alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa, a ɗora darduma da za a iya naɗewa, kada a manne kafet. A jikin bango biyu a jera katifun zama masu kauri da matasan jingina, irin zaman da alhazai suka gani a Saudiyya suka kawo gida. A bango na uku kujeru biyu masu tauri na dattawa. Kanta guda a sama ta Alƙur'ani da littattafai, ita ce ta gaji alkuki da gafaka. Soket biyu ko uku a ƙasa-ƙasa kusa da wurin zama, domin baƙon yau bayan ruwa abin da yake fara nema cajin waya ne. Fanka da ƙwan fitila a haɗa su da ƙaramin sola. Kujerun roba guda shida a ɗora su kan juna a ajiye a sito saboda ranar taro. Dakali a waje kuwa sai ka auna unguwarka: inda aka san juna ni'ima ne, inda ba a sani ba gayyatar majalisar da ba ka shirya mata ba ce.

Abu biyu ake mantawa, kuma sun fi kujera muhimmanci. Na farko wurin takalma. Idan ba a bar ɗan fili mai rufi a bakin ƙofa ba, takalma za su tare hanya, ruwa ya jiƙa su, ko a yi awon gaba da su. Na biyu banɗaki da wurin alwala na baƙi, wanda za a shiga ba tare da an ratsa cikin gida ba. Idan babu shi, duk tsarin ya rushe, domin baƙon da ya yini dole a yi masa iso har tsakar gida. Ka tabbata ƙofarsa ba a cikin ɗakin zaman take kai tsaye ba, kuma rariyarsa ta fita waje.

Mai ƙaramin fili, irin awon igiyar da ake yankawa a gefen gari, zai ce duk wannan na masu wuri ne. Ɗaki mai ƙafa 8 da 10 ya isa zaure in dai ba a cusa masa kushin ba, kuma da dare shi ne makwancin samarin gida ko baƙon da ya kwana. Wanda ke gidan haya kuwa, ba shi da ikon fasa bango, abin da zai iya shi ne ya duba tun kafin ya biya kuɗi ko akwai ɗakin da ƙofarsa ke kusa da shigowa. Idan babu, tabarma mai kyau guda biyu da ake ajiyewa a bayan ƙofa, da inuwar baranda, da labule mai kauri tsakanin ƙofar shigowa da falo, su za su riƙe shi har Allah ya hore masa nasa.